Wanda Ya Niƙa Bayan Mai Barkono

Ina yaro a unguwarmu cikin birnin Kano, kai niƙa aikina ne. Inna tana da doka guda da take maimaita min duk lokacin da ta ɗora min kwano a ka: in ka tarar da mai garin yaji a gabanka, ka ja baya ka bar mutum biyu su wuce, in kuwa babu kowa ka dawo min da gerona. Wata rana cikin azumi ana jirana a filin ƙwallo, na tarar layin babu kowa sai wata mata mai barkono. Na ce ai ɗan kaɗan ne, na miƙa kwanona. Kunun buɗa-bakin ranar ba wanda ya iya yi masa kurɓi biyu. Baba ya ajiye kofi bai ce uffan ba, abin da ya fi duka ciwo, Inna kuwa ta faɗi abin da za ta faɗa.

Cikin manyan babu wanda za ka kama da laifi. Mai inji ya niƙa abin da aka ba shi. Mai barkono ta biya kuɗinta ta yi gaba. Inji ɗaya ne mai maƙogwaro ɗaya, ragowar na gaba ta maƙale a ciki, ta fito a kwanon na baya.

Na fi shekara 25 ban tuna da kunun nan ba, sai bara, da wani yaro ɗan bautar ƙasa ya nuna min irinsa a cikin na'urorin da nake kula da su.

Kamfanin da nake aiki ƙarami ne, mu shida ne har da mai shara. Muna riƙe wa wasu makarantu masu zaman kansu shafukan rajistar ɗalibai da duba sakamako da biyan kuɗin zango. Ni ne mai na'urori: in shafi ya faɗi da tsakar dare wayata ake kira, in yana tafiya lafiya ba mai tuna ina duniya. Yaron da aka turo mana ba shi da surutu. Ya fi wata biyu yana gyaran firinta da sauya wa malamai kalmar sirri, ashe da dare rahotannin masu binciken tsaro yake ta karatu. Wata Laraba bayan la'asar, janareta na ta ruri, ya tsaya a bayan kujerata ya ce, “Oga, in ba damuwa ina so ka ba ni izini in gwada wani abu a na'urar gwaji. Ina ganin kamar furoksinmu da uwar garken ba sa jin yaren juna.”

Wanzami ba ya son jarfa. Ni na kafa furoksin nan da hannuna, shekara 4 yana aiki ko tari bai taɓa yi ba. Amma na'urar gwaji kwafin ta gaske ce, babu bayanan kowa a cikinta, sai na ce bismillah. Daga baya na gane darajar tambayar da ya yi, domin irin wannan gwaji in aka yi shi a shafi mai rai, waɗanda ba su ji ba su gani ba yake faɗa wa.

Ga wanda ba sana'arsa ba ce, bari in ɗan yi shimfiɗa. Idan ka buɗe shafi a wayarka, saƙonka ba kai-tsaye yake isa ga uwar garke ba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin. Akwai wani a bakin ƙofa, shi ne furoksi. Shi ke karɓar saƙon, ya duba shi, ya raba kaya tsakanin kwamfutocin ciki, ya ajiye kwafin shafukan da ake yawan nema, ya kuma hana baƙo leƙa ɗakin da ba nasa ba. Mai gadi ne kuma ɗan aike. Saboda buɗe sabon layi ga kowane saƙo yana cin lokaci, furoksi yakan buɗe bututu ɗaya zuwa uwar garke ya riƙa ɗura saƙonnin mutane daban-daban a ciki, ɗaya bayan ɗaya. Naka, na wata uwa a Gwale da ke duba sakamakon ɗanta, na akawun makaranta, duk maƙogwaro ɗaya suke bi. Ka ga injin niƙa ya fito.

Tambayar da komai ya rataya a kanta ita ce: a ina saƙon wane ya ƙare, na wane ya fara? A tsarin HTTP/1.1, yaren da waya da uwar garke ke magana da shi, wanda aka fara fitarwa a 1997, saƙo rubutu ne zalla, kuma hanya biyu aka tanada ta faɗin iyakarsa. Ta farko, a rubuta Content-Length a kan saƙon tare da adadi, kamar ka ce wa mai inji mudu uku ne. Ta biyu, a rubuta Transfer-Encoding: chunked, a aiko da kayan gunduwa-gunduwa, kowace da girmanta, in aka ga gunduwa mai sifili an zo ƙarshe. Kowace hanya ita kaɗai lafiya lau take. Rigima na tashi ne in saƙo ɗaya ya zo ɗauke da duka biyun suna faɗin abu daban, furoksi ya bi ɗaya, uwar garke ta bi ɗayar.

Abin da yaron nan ya yi ke nan. Ya rubuta saƙon da adadinsa ya ce bayit 6, wato gurbin harafi shida. A cikinsa ya sa sifili, da alamomin ƙarshen layi, sannan harafin B guda ɗaya a wutsiya. Layin Transfer-Encoding ɗin kuwa ya ɗan gurɓata shi da wani gurbi inda bai kamata ba. Tsohon furoksina ya kalli layin bai gane shi ba, ya yi watsi da shi, ya ƙirga bayit 6 ya tura duka a matsayin saƙo ɗaya. Uwar garke kuwa mai haƙuri ce, ta gane abin da ake nufi duk da gurɓatar, ta karanta har sifili ta ce saƙo ya ƙare. Harafin B ya zauna a bututu yana jira.

“Oga, yanzu buɗe shafin a wayarka.”

Na buɗe. Maimakon shafin makaranta, sai ga uwar garke tana ƙorafin ba ta san wani umarni mai suna BGET ba. Wayata GET ta aika, umarnin neman shafi, kamar kowace waya a duniya. B ɗinsa ne ya manne a goshin saƙona. Barkononsa a gerona.

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba na ce harafi ɗaya ne kawai. Ya ce, cikin ladabi kuwa, “Oga, ƙofar da harafi ya wuce, saƙo sukutum ma zai wuce.” Ana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, amma ranar ni ne a ƙasan rimin.

Ya fayyace min abu uku, na biyun ne ya hana ni barci. Na farko, shafin shugabanni, inda ake shigar da maki da goge bashi, makullinsa a wurin furoksi kaɗai na sa shi. Uwar garke ba ta tambayar kowa komai, duk abin da ya fito daga bututun nan ta ɗauka mai gadi ya riga ya duba. To saƙon da aka ɓoye a cikin wani saƙo, mai gadi kallon kaya yake yi masa, bai san baƙo ba ne. Shi ya sa Turawa suka raɗa wa abin suna da ke nufin fasa-ƙwaurin saƙo, sai dai nan ba ta daji ake bi ba, ta gaban jami'in ake wucewa yana buga hatimi. Na biyu, mai fasa-ƙwaurin zai iya barin rabin saƙo a buɗe, misali na rubuta tsokaci a wani akwati, ya ce jikinsa dogo ne bai ƙare ba. Duk wanda ya zo a baya, saƙonsa gaba ɗaya, har da kukin da ke shaida cewa shi ne ya shiga, zai zama cikon wancan rubutun, ɓarawo ya dawo ya karanta a natse. Ba a yaudari mutumin ba, bai latsa wani mugun mahaɗi ba, bai ba kowa lambar sirrinsa ba. Laifinsa kawai ya zo bayan mai barkono. Na uku, in furoksi na ajiye kwafin shafuka, za a iya sa shi ya ajiye gurɓatacciyar amsa da sunan shafi na gari, ya yi ta raba wa jama'a.

Ba zan faɗi sunan manhajar da na kafa ba, domin masu ita sun daɗe da fitar da faci, ni ne ban ɗora ba.

Da na koma gida na zauna karatu, sai na ga abin ya girmi yaron a harkar kwamfuta. Tun 2005 wasu masu bincike na kamfanin Watchfire, cikinsu da Amit Klein, suka bayyana shi dalla-dalla. Aka yi faci nan da can, aka manta. Sai a watan Agusta na 2019 James Kettle na kamfanin PortSwigger da ke Ingila ya tono shi a tarukan masu tsaron kwamfuta na Black Hat da DEF CON a Las Vegas, ya nuna cewa manyan shafukan duniya na kwance da ƙofa a buɗe. Har shafin shiga na PayPal ya taɓa, ta hanyar gurɓata kwafin wani fayil da shafin ke ɗaukowa. Shi kai rahoto yake yi a biya shi tukwici, kuma abin da ya tara a wannan binciken ya haura dala 70,000.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne dokar ba ta yi shiru ba. Takardar ƙa'idar HTTP ta 1999, RFC 2616, ta ce in layukan biyu suka haɗu a saƙo ɗaya, a yi watsi da Content-Length. Magana ta ƙare, a takarda. Amma doka ta ce in ka ga Transfer-Encoding, kuma a nan gizo ke saƙar: wane ne ya gan shi, wane ne bai gani ba? A sa gurbi kafin ɗigo biyu, a maimaita layin sau biyu, a ƙara harafi a gaban kalmar chunked, a ƙare layi da alama ɗaya maimakon biyu. Wata manhaja ta ce wannan shirme ne ta tsallake, wata ta ce na gane nufinka ta karɓa. Mu da muka koyi aikin nan an tarbiyyantar da mu a kan wata shawara ta Jon Postel, ɗaya daga magabatan intanet, wadda ya rubuta tun 1980: ka tsananta wa kanka a abin da kake aikawa, ka sassauta a abin da kake karɓa. Shawara ce ta mutumin kirki, kuma ita ta sa kwamfutocin kamfanoni daban-daban suka iya magana da juna tun farko. Amma in mai gadi da matar gida kowa na sassautawa ta fuskarsa, bango ya tsage ke nan, ƙadangare ba ya buƙatar gayyata. Ni dai yanzu na fi son manhaja mai taurin kai, wadda in ta ga saƙo mai harshe biyu za ta mayar da shi ta rufe ƙofa.

Wani lokacin ma ba sassauci ba ne, ƙaramin lissafi ne. Wanda na fi jin daɗin karantawa shi ne na HAProxy, furoksin da ake girmamawa ƙwarai saboda tsafta da sauri. A watan Satumba na 2021 masu bincike na JFrog suka bayyana wata ɓaraka, mai lambar rajista CVE-2021-40346. HAProxy na ajiye tsawon sunan kowane layin da ke kan saƙo, irin su Content-Length, a wani ɗan gurbi da ba ya ɗaukar adadin da ya wuce 255. In aka ba shi suna da ya zarce haka, ƙirgar sai ta kewayo ta koma farko, kamar mitar tsohuwar mota da ta cika ta dawo sifili. Sai aka ƙera wani dogon suna wanda a dubawar farko yake kama da shirme marar illa, amma lokacin turawa ciki, da tsawon ya yanke, sai ya rikiɗe ya zama Content-Length mai sifili. Uwar garke ta ga saƙo marar jiki, ta ɗauki jikin a matsayin sabon saƙo, duk dokokin mai gadi suka tashi a banza. An toshe ta a sabbin sigogi. A Maris na 2023 Apache ma, wata manhajar uwar garke, ya fitar da sabuwar siga don toshe irin wannan ɓaraka a sashensa mai aikin furoksi.

Squid kuwa, shi ma furoksi, tsohon aboki ne. A kafen intanet da na fara koyon aiki, lokacin da ake sayen data kamar zinare, shi ke ajiye mana kwafin shafuka don kada a sauko da hoto ɗaya sau ɗari. A Oktoba na 2023 wani mai bincike, Joshua Rogers, ya wallafa sakamakon binciken da ya yi masa tun 2021: ɓaraka 55, kuma 35 cikinsu ba a toshe ba a lokacin. Bai zagi masu kula da shi ba, ya nuna cewa ’yan tsiraru ne masu aikin sa-kai, kaya ya fi ƙarfinsu. A watan ne kuma siga 6.4 ta fito da facin wata ɓarakar fasa-ƙwauri da ta samo asali daga sassauci wajen karanta gunduwoyin nan. Na ji wani iri. Duniya na ɗora kaya a kan jakin da ba mai ba shi dusa.

Na tambayi yaron ko HTTP/2, sabuwar sigar yaren, bai raba gardama ba, tunda shi kowane yanki na saƙo da tsawonsa yake tafe, babu harshe biyu. Ya ce haka ne, in da daga waya har uwar garke shi ake yi. Amma yawancin furoksi da HTTP/2 suke gaisawa da baƙo a ƙofa, su juya su fassara wa na ciki da tsohon yare, kuma a wurin fassarar ake yin ɓarin. Kettle ya nuna haka a 2021 a kan shafin Netflix, aka ba shi dala 20,000. A 2025 ya sake dawowa Las Vegas da hujjar cewa faci ba zai ƙare ba sai an daina HTTP/1.1 tsakanin furoksi da uwar garke gaba ɗaya. Ina ganin gaskiyarsa, sai dai mai manhajar makaranta da aka rubuta shekara 10 da suka wuce ba gobe zai kai can ba.

Washegari na kai wa maigidan kamfani maganar. Amsarsa ita ce wadda na san zai bayar, domin ni ma ita nake ba kaina: “Malam, wa zai bar bankunan Legas ya zo kan sakamakon ’yan firamare?” Na ce Yallaɓai, masu wannan aiki ba sa tambayar sunanka, manhaja suke saki tana bin adireshi ɗaya bayan ɗaya kamar mai ƙwanƙwasa ƙofofin layi da dare. Kuma abin ya wuce wasan masu neman tukwici. A Oktoba na 2023 an bayyana irin wannan ɓaraka a na'urorin BIG-IP na kamfanin F5, mai maki 9.8 cikin 10 a ma'aunin haɗari, cikin ’yan kwanaki kamfanin ya sanar cewa an ga ɓarayi na amfani da ita. A Nuwamba na shekarar aka ba da rahoton gungun masu garkuwa da bayanai da ake kira Cactus suna shiga kamfanoni ta manhajar Qlik Sense, ta wata ɓaraka ’yar gidan nan, alhali facin ya fito tun Agusta. Da na ambaci garkuwa da kuɗin fansa ya gyara zama.

Mun yi kwana biyu muna gwada kundin furoksi da na uwar garke, layi da layi. Dabarar yaron ce: in an yi fasa-ƙwauri, mai gadi zai rubuta baƙo ɗaya ya shiga, matar gida ta rubuta biyu. Lissafin wata ukun da muke da su ya zo daidai. Na kafin nan ni da kaina na sa a riƙa gogewa, saboda wurin ajiya.

Gyaran bai kai wahalar kunyar ba. Muka sabunta furoksi. Muka sa shi ya ƙi duk saƙon da ya zo da layukan biyu, ya kuma datse layin nan take, abin da sabuwar ƙa'ida ta 2022, RFC 9112, ta wajabta: ko ka amsa irin wannan saƙo, dole ka rufe bututun bayansa. Wankin inji ke nan, irin wanda Inna ke sa a zuba dusa a niƙe kafin a sa nata. Muka kuma sa wa shafin shugabanni makulli na biyu a wurin uwar garke, ta daina yarda da mutum don kawai ya fito ta bututu. Inda muka yi gardama shi ne ko a hana raba bututu kwata-kwata, kowane saƙo da nasa layi. Yaron na so, ni na ƙi, domin na san yadda na'urorin ke nishi ranar da makarantu uku suka saki sakamako lokaci ɗaya. Muka tsaya a tsakiya: shafukan kuɗi da na shugabanni kowa da layinsa, sauran su ci gaba da bin layi ɗaya. Har yanzu bai gamsu ba, ko da ya gama bautar ƙasa ya tafi sai da ya sake turo min saƙo a kai.

Saura guda. Akwai wata makaranta da ta bar mu shekara biyu da suka wuce, ta ɗauki na'urarta ta ajiye a ofishin akawu, kuma na san tsarin da ke cikinta nawa ne, da tsohon furoksin da makulli ɗaya. Na kira shugaban makarantar ranar Litinin na yi masa bayani iya iyawata, har da labarin kunu. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, “To Malam, ai shafin yana aiki lafiya, me za a gyara? Ko dai kuɗi ne?” Na ce ranka ya daɗe ba ko sisi, a bar min mabuɗin ofis kawai. Ya ce akawu na zuwa ranar Asabar da hantsi, in na makara zai tafi ɗaurin aure.